Bayan Sakamakon Gwaji: Ina Matashi Mai Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau Zai Dosa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar al'umma. Yau gaisuwarmu ta musamman ta nufi kudancin Kano ne. Muna gaida masunta da manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Tiga, da mutanen Kofa da Gwarmai a ƙasar Bebeji. Muna gaida direbobi da masu shayi na Kwanar Ɗangora, da mutanen Yako da Kafin Maiyaki a ƙasar Kiru. Muna gaida 'yan kasuwar shinkafa na Tudun Wadar Ɗankadai, har can bayan dajin Falgore, mutanen Burji da Daɗin Kowa da Riruwai a ƙasar Doguwa. Wanda ke gona, Allah ya ba da damina mai albarka. Wanda ke kan hanya, Allah ya sauke shi lafiya.

Maganar da muka zo da ita yau, magana ce da akan rage murya idan za a yi ta. Wasu ma idan sun ji an ambace ta a rediyo sai su kai hannu su murɗa tasha. Don Allah baba, don Allah inna, a bar akwatin nan yadda yake. Maganar 'ya'yanmu ce, matasa masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, wadda muka fi sani da ƙanjamau, da abin da doka ta tanadar musu, da abin da ya rage mu nema musu a wurin hukuma.

Bari mu fara da misali. Ba labarin wata takamaimiya ba ne, amma duk ma'aikacin asibitin da ya daɗe a bakin aiki ya ga irinsa. A ɗauka yarinya ce 'yar shekara 18, marainiya, a hannun kakarta ta tashi. Mahaifinta ya rasu tana goye, mahaifiyarta ta bi shi bayan doguwar jinya, mutanen gari suka ce sammu ne. Tun tana ƙarama kaka ke ba ta wata ƙwaya kullum da dare. Idan ta tambaya sai a ce mata maganin ƙarin jini ne. Ta girma lafiya lau, ta yi makaranta, ta yi saukar Alƙur'ani. Manemi ya fito, an kai gaisuwar iyaye, an sa rana, har an fara haɗa lefe. Sai aka ce su je asibiti a yi musu gwaji kamar yadda doka ta ce. A ɗakin gwajin nan ne, a gaban mutumin da ba ta taɓa gani ba, ta fara jin sunan ciwon da ta yi shekara da shekaru tana sha wa magani.

To masu sauraro, me ya rage wa wannan yarinya? Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya. An fasa aure. Ƙawaye sun janye jiki. Wasu har sun yanke mata hukuncin abin da ba ta aikata ba. Ita kuma, don baƙin ciki, ta watsar da maganin da ya raya ta. Ku lura da kyau, ƙwayar cutar ba ta kayar da ita ba duk tsawon shekarun nan. Ɓoye-ɓoyen gida da bakin mutane ne suke neman kayar da ita cikin mako guda.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu yanzu shi ne, a watan Mayu na shekarar 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure. Dokar ta ce ba za a ɗaura aure a jihar nan ba sai ango da amarya sun kawo takardar shaidar gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da ƙwayoyin halittar jini saboda sikila. Wanda ya saɓa, akwai tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Dama tun lokacin da aka fara auren zawarawa na gwamnati a 2012, Hukumar Hisba ba ta shigar da mutum sai an gwada shi. Yanzu abin ya game kowa. Ma'ana, gwajin da a da sai mai tsananin jinya ake yi wa, yau ya shigo kowane gida da ke da saurayi ko budurwa.

Wannan doka ƙafa biyu gare ta. Ƙafar farko ita ce tilasta gwaji, kuma ita kowa ya sani, liman ya sani, waliyyi ya sani. Ƙafa ta biyu ita ce hana tsangwama da nuna ƙyama ga wanda aka samu da ƙanjamau ko sikila ko ciwon hanta. Wannan ma tana cikin dokar, amma da wuya ka ji ana zancenta a zaure. Mun ɗauki ƙafa ɗaya mun bar ɗaya, shi ya sa dokar take ɗingishi idan ta zo kan marayu irin yarinyar da muka ba da misali da ita.

Su wane ne waɗannan matasa, kuma ta ina suka samu? Tun da aka ba da rahoton ɓullar cutar a Nijeriya a 1986, mutanenmu suka ɗaura mata fuska ɗaya tak, wato fuskar alfasha. Gaskiya ne saduwa ita ce babbar hanyar yaɗuwarta. Amma akwai yaran da aka haifa da ita, suka samu daga uwa a lokacin goyon ciki, ko haihuwa, ko shayarwa. Akwai yarinyar da aka aurar wa mutumin da shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba. Akwai wadda aka yi wa fyaɗe. Akwai wanda aka ƙara wa jinin da ba a tantance ba, ko aka yi masa allura da sirinjin da aka yi wa wani, ko aka yi masa kaciya ko sakiya ko ƙaho da askar da ba a tsabtace ba. Akwai kuma samarin da shaye-shaye ya kai su ga tsira wa juna allura ɗaya, matsalar da ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda ga cibiyar gyaran tarbiyya nan a Kiru. Wanda ma ya samu ta hanyar kuskurensa, ƙofar tuba ba a rufe take ba, ballantana ƙofar asibiti.

Babban binciken da aka gudanar a faɗin ƙasar nan a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya, wato kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. Shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ita ce mafi ƙaranci, kashi 0.6 cikin 100. Alhamdu lillahi. Sai dai kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa, domin a jiha mai yawan jama'a kamar Kano, ƙaramin kaso ma dubban mutane ne. Binciken ya kuma nuna abin da ya kamata ya tayar wa kowane uba hankali: a tsakanin masu shekara 20 zuwa 24, yawan 'yan matan da ke ɗauke da ita ya ninka na samari fiye da sau uku.

Yanzu ga labari mai daɗi, wanda har yau bai isa wasu ƙauyukanmu ba. A da can ana yi wa ciwon nan laƙabi da kabari salamu alaikum, domin wanda ya kamu sai rama, sai gudawa, sai tari, sai makara. Wannan zamani ya wuce. Tun 2006 ake ba da maganin rage kaifin cutar kyauta a asibitocin gwamnati da aka ware. A da tarin ƙwayoyi ne safe da yamma, yau ga yawancin manya da matasa ƙwaya ɗaya ce tak a rana. Maganin ba ya kashe ƙwayar cutar kwata-kwata, danne ta yake yi, ya hana ta hayayyafa, garkuwar jiki ta farfaɗo. Wanda ya riƙe shi ba fashi, yawanci cikin wata shida ƙwayar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ƙirga ta. Kuma likitocin duniya sun tabbatar cewa mutumin da ya kai wannan matsayi, ya kuma dawwama a kai, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa.

Haka ma wajen haihuwa. Idan uwa tana ɗauke da ƙwayar kuma ba ta shan magani, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 da za su ɗauka. Idan ta je awo, aka gano, ta riƙe magani, ta haihu a asibiti, aka ba jariri nasa, haɗarin kan sauko ƙasa da 5 cikin 100, kuma za ta shayar da ɗanta bisa shawarar ma'aikatan lafiya. Jaririn da aka haifa da ita kuwa, idan ba a sa shi a magani ba, kusan rabin irinsu ba sa kaiwa shekara biyu. Kun ga ashe awon ciki ba ƙwalisa ba ne, kuma mijin da ya hana matarsa zuwa, ya san nauyin da ya ɗauka.

A kuma sani, ba a ɗaukar wannan cuta ta hanyar musabaha, ko ci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko buta, ko tabarma, ko tsayuwa a sahu ɗaya a masallaci. Sauro ma ba ya ɗauko ta daga wani ya kai wa wani. Mai ware wa maraya kwanonsa daban, babu cutar da ya kare, zuciyar yaro kawai ya karya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan matasa masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Tunda magani yana aiki, kuma kyauta ne, me ya sa har yanzu matasa suka fi manya yawan yanke shan magani da ɓacewa daga asibiti?

Abu na farko nisa ne. Magani kyauta ne, amma mota ba kyauta ba ce. Yaron da ke wani ƙauye a bayan Riruwai, sai ya hau acaɓa ya fito titi, ya jira mota, ya ratsa dajin Falgore, ya yini a layi, ya kuma nemi na komawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Abin tausayi kuma, wasu suna da asibiti kusa da su, amma tsoron kada a gan su ya sa suke tsallake shi su tafi har cikin birni, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, inda ba wanda ya san su. Ranar da babu kuɗin mota, babu magani ke nan. Ga kuma samarinmu 'yan ci-rani, da an gama girbin masara da shinkafa sai Abuja, sai Legas, sai Fatakwal. Da yawa ba su san cewa wanda ya daidaita a kan magani ana iya ba shi na wata uku, wani lokaci har shida, ko a rubuta masa takardar da zai karɓa a garin da ya je ba. Ɗan'uwa, kafin ka ɗaure jakarka, je ka gaya wa mai ba ka magani za ka yi tafiya.

Na biyu shi ne shirun da ake yi wa yaro. Kaka ba mugunta ta yi ba, tausayi ne da tsoro. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara fahimtar da yaro tun yana shekarun firamare, kaɗan-kaɗan gwargwadon hankalinsa, yadda kafin ya wuce shekara 12 ya san sunan ciwonsa da dalilin shan maganinsa. Yaron da bai san abin da yake sha wa magani ba, da ya fara girma ya ga jikinsa garau, zai ce ya gaji. Wanda ya sani kuwa, shi da kansa zai riƙa tuna wa kaka lokaci ya yi. Ba sai kin yi wannan magana ke kaɗai ba, inna. Akwai masu ba da shawara a asibiti da aka horar domin haka, su za su zauna da ku.

Na uku shi ne masu cewa suna warkar da ita. Za ka ji su da lasifika ranar kasuwa, za ka gan su a Facebook da TikTok. Addu'a makamin mumini ce, ba mai hana ka. Amma duk wanda ya ce ka ajiye ƙwayar asibiti ka sha nasa, ka rabu da shi. Da ka ajiye, cutar za ta taso, kuma tana iya bijire wa maganin da a da yake yi maka aiki. Azumi ma ba dalilin ajiyewa ba ne. Tunda sau ɗaya ake sha a rana, je ka yi shawara da ma'aikacin lafiya a mayar maka da lokacin zuwa bayan shan ruwa ko sahur.

Na huɗu, wanda ya fi duka ciwo, shi ne tsangwama. Ɗalibar makarantar kwana tana ɓoye kwalbar magani a ƙasan akwati, idan 'yan ɗaki suna nan sai ta haƙura da sha. Yaro mai koyon ɗinki ko gyaran babur, da maigidansa ya ji ƙishin-ƙishin sai ya ce ya ɗan huta a gida. A nan ne ya kamata kowa ya san haƙƙinsa. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna bambanci ga masu ɗauke da wannan cuta, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. A ƙarƙashinta laifi ne a kori mutum daga aiki, ko a hana shi makaranta, ko a ƙi duba shi a asibiti saboda yana ɗauke da ita. Laifi ne a tilasta wa mai neman aiki gwaji a matsayin sharaɗin ɗauka. Laifi ne kuma wanda ya san sirrin ta dalilin aikinsa ya fallasa ba da yardar mai shi ba. Wanda aka yi wa haka yana iya kai kuka ga Hukumar Yaƙi da Cutar Ƙanjamau ta Jihar Kano, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Kano. Addininmu ma tun kafin doka ya hore mu da rufa wa juna asiri da jinƙan maraya.

Sai dai doka ba ta da ƙafar da za ta tako daga Abuja ko daga gidan gwamnati ta zo Yaryasa ko Faskar Wambai da kanta. Mutane ne ke ɗauko ta. Wannan shi ake kira fafutuka, kuma ba zanga-zanga ko zagin shugabanni ake nufi ba. Ana nufin jama'a su san abin da aka yi musu alkawari, su je ga wanda ke da iko, su tambaya cikin ladabi, su koma su sake tambaya har a yi.

Ga dalilin da ya sa fafutukar ta zama wajibi a yanzu. Mafi yawan kuɗin maganin nan da muke kira kyauta daga waje yake zuwa, musamman daga shirin gwamnatin Amurka da Shugaba George Bush ya ƙaddamar a 2003, da kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje domin ta sake nazari, hankalin masu karɓar magani ya tashi a duk faɗin Afirka. A watan Fabrairu na shekarar, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayen ƙunshin magani 150,000. An yi ƙoƙari, amma ku auna wannan da mutum kusan miliyan biyu da za su sha magani har ƙarshen rayuwarsu. Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara. Kuma abin kunyar, a Abuja ne shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilu na 2001, a taron da aka kira musamman saboda wannan cuta, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Har yau kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba.

To me za mu nema, kuma a wurin wa? Mu fara daga gida. Kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi, tana da kansila, tana da dagaci da masu unguwa. A tambaye su: asibitinmu yana da kayan gwajin masu juna biyu, ko sai a ce sun ƙare? Idan an samu mace da ita, wa ke raka ta har ta fara magani? Akwai ɗakin da za a gaya wa mutum sakamakonsa ba tare da na bakin taga ya ji ba? Ciyamomin ƙananan hukumomin nan huɗu kuwa, a roƙe su su ware wani abu na kuɗin mota ga marayu masu zuwa karɓar magani, su kuma tsaya a kusanto da wurin karɓa ga ƙauyukan da ke nesa. Abin da ake kashewa a taron siyasa guda ɗaya ya isa ya kai yara da yawa asibiti shekara guda.

'Yan majalisar jiha da ke wakiltarmu, da wakilanmu na tarayya na mazaɓar Kiru da Bebeji da ta Tudun Wada da Doguwa, su ke zama a kan kasafi. Idan sun zo gida, bayan an gama roƙon taki da rijiyar burtsatse, a samu mai tambaya: nawa aka ware wa yaƙi da wannan cuta a bana, kuma nawa aka saki? Domin rubuta kuɗi a takarda daban, sakinsu daban. A kuma nemi Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano ta riƙa shigar da marayu masu wannan lalura cikin rukunin marasa galihu da ake biya wa, saboda ƙwayar kyauta ce, amma idan zazzaɓi ko wani ciwo ya zo, kati da gwaji da gado duk da kuɗi ne. Sannan tunda gwamnati ta tilasta gwaji kafin aure, haƙƙi ne a kanta ta sauƙaƙa kuɗinsa ga talaka, ta horar da masu ba da sakamako, ta kuma hukunta masu sayar da takardar bogi, domin takardar bogi kashe kai ce da kashe wani.

Akwai wata magana da ke buƙatar malamai da iyaye da hukuma su zauna a kanta. A ƙa'idar ƙasar nan, wanda bai kai shekara 18 ba sai da amincewar iyaye ko mai riƙonsa ake gwada shi, in ban da irin mai aure ko mai juna biyu. Ƙungiyoyin matasa sun daɗe suna neman a sassauta. Iyaye suna da hujjarsu ta tarbiyya, kuma ba abin rainawa ba ce. Amma a duba almajirin da iyayensa ke wata jiha, ko yarinyar da aka kawo aikatau, ko wadda wani na cikin gida ya ci wa zarafi. Wa zai sa musu hannu? Wannan tambaya tana neman amsa daga mutanen da suka san addini suka kuma san halin da ake ciki.

A duk wannan, kada a yanke wa matasan nan hukunci a bayan idonsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, wato NEPWHAN, akwai ta matasa zalla, wato APYIN. Akwai kuma wani tsari da aka fara a Kenya, aka kawo shi asibitoci da dama a Nijeriya, inda matasa masu shan magani ke haɗuwa a ranar da aka ware musu su kaɗai, su ɗauki alkawari uku: ba fashin zuwa asibiti, ba fashin shan magani, sai ƙwayar ta ɓace daga ma'auni. Yaron da ya zata shi kaɗai ne a duniya, ranar da ya ga sa'ansa mai irin lalurarsa yana jami'a, ko ya ga wata ta yi aure ta haifi ɗa lafiyayye, abin da zai ji ya fi wa'azin likita goma. Muna kira a faɗaɗa irin wannan zama zuwa manyan asibitocin yankinmu, kada ya tsaya a birni.

Malamanmu limamai, ku ake kawo wa takardar gwaji kafin a shafa fatiha. Abin da ke cikinta amana ce. Idan an samu matsala, a kira waliyyai a keɓe, a tura yaran wurin likita su ji bayani, domin samun ƙwayar ba ya nufin mutum ya rabu da aure har abada. Akwai ma'aurata da dukansu ke ɗauke da ita, akwai waɗanda ɗaya ne kawai, suna zaune lafiya da sanin juna da kulawar asibiti. Abin da bai halatta ba shi ne yaudara, a ɓoye wa wanda za a aura. Idan kuma an ga fasawa ce mafita, a rabu cikin mutunci, ba sai an yi shela ba. Muna kuma roƙon ku ware huɗuba guda, ko a makon 1 ga Disamba da duniya ke tunawa da wannan cuta, ku gaya wa jama'a hukuncin tona asirin mara lafiya.

Wanzamai, a riƙa sabunta reza, a dafa aska. Ungozomomi, a tura mai ciki awo. Masu kemis, sirinji ɗaya mutum ɗaya. Shugabannin makarantun kwana, a samu malami ko malama mai riƙon amana da ɗalibi zai ajiye maganinsa a wurinsa ba tare da kowa ya sani ba.

Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, da kike sauraronmu a ƙuryar ɗaki kin rage murya don kada a gane da ke ake, ki ji da kyau. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ki fi kowa zunubi ba. Jarrabawa ce, kuma tana da magani. Idan kin ajiye ƙwayarki, ko wata nawa aka yi, koma asibiti gobe da safe, za a karɓe ki. Ki yi karatunki, ki koyi sana'arki. Wanda bai taɓa gwaji ba kuma, ya je ya yi tun kafin a sa rana, zuwa da kai ya fi aike.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Ɗa na kowa ne. Duk wanda ya san gidan da ake riƙon maraya mai wannan lalura, ya kama bakinsa, ya buɗe hannunsa, ko da kuɗin motar wata guda ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare masu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)